Falalu Mai Faci da Taya Marar Tif

Falalu taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Mahaifinsa Malam Abdulhamid da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, 'ya'yan Dada ta Tungar Jatau, wani ɗan ƙauye a bakin gulbi can bayan Maradun. Ni Sirajo a Bakura na tashi, shi kuwa a Talata Mafara, inda Malam yake koyarwa a zauren gidansa.

Malam ya so ɗansa ya gaje shi, amma kan Falalu ya ƙi karatu ƙememe. Abu ɗaya ya iya a zauren nan, wato haɗa tawada. Ya kankaro baƙin tukunya, ya jiƙa ƙaro, ya dafa, ya tace, har malaman wasu unguwanni suna aiko masa da kurtunsu. Malam yakan dube shi ya ce hannun dai akwai albarka, kan ne ba a san inda ya tafi kiwo ba. Daga nan Falalu ya kamu da son duk wani abu mai danƙo. Ya liƙe ƙwarya, ya liƙe takalmi, ya liƙe tif ɗin keken liman, kafin a ankara ya kafa rumfa kusa da tashar mota, an fara kiransa Mai Faci.

Kayan aikinsa ba su da yawa: rabin duro cike da baƙin ruwa, famfon hannu, libobi na ɓamɓare taya, almakashi, da gwangwanin sholisho da yake ɓoyewa a aljihu kamar goro. In ka kawo masa tif, wato robar nan ta cikin taya mai riƙe iska, sai ya hura shi ya danna a ruwa, ya tsura ido yana jiran kumfa. Da ta taso sai fuskarsa ta washe, kai ka ce an yi masa haihuwa. Ban taɓa ganin ya ce wani tif ya mutu ba. Akwai wanda na san facin da ke jikinsa ya fi asalin robar yawa, kuma har lokacin yana aiki a keken wani mai sayar da gishiri. In abin ya gagara gaba ɗaya, sai ya yanka shi guga, ragowar ya tsattsaga robar ɗaure kaya. Matarsa Taiba ta ce ko rowar nama ba ya yi kamar rowar roba.

Ana haka aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Mafara ta cika da baƙi, da ƙura, da motocin da tayarsu ta fi mutum tsawo. Falalu ya samu ciniki har ya yi tumbi. Sai wata rana Ɗanasabe, wani direban kamfanin da ya saba shan inuwa a rumfarsa, ya kawo masa labarin da ya ɓata masa rai. Ya ce wasu motocinsu tayarsu ba ta da tif ko kaɗan, bakin taya ne yake kama bakin wili, wato ƙarfen da ake sa ta a kai, iska ta zauna a ciki abinta.

Falalu ya ajiye almakashi ya ce, "Ɗanasabe, ka yi sallar azahar kuwa?"

"Na yi mana."

"To mi ag gamin ka da ƙarya da rana tsaka? Iska ba ta zama inda ba ta da ɗaki. Kuma tayag ga taku, in ta mutu mi taka bar ma magada? Ko guga ɗaya babu."

Washegari Ɗanasabe ya turo masa guda ya gani da idonsa. Falalu ya ɓamɓare ta, ya zura hannu har kafaɗa yana laluben ciki, bai samu komai ba. Ya goge hannu a riga, ya sanar da duk wanda ke tashar cewa wannan taya marar hanji ce, kuma shi hannunsa ba zai yi mata aiki ba. Gaskiyar magana tsoro ya ji, don in tif ya ƙare a duniya me zai danna a ruwa? Amma wannan bai hana shi sayen tsofaffinsu da kamfani ya yi watsi da su ba, ya jibge bayan rumfa yana sayar wa masu yanka takalmin taya.

Shekarar da aka toshe gulbi, ruwa ya fara hawa gonaki a hankali. Mutanen Tungar Jatau suka kwashe, wasu sabon matsugunin da aka yanka musu, wasu wajen dangi. Ba da daɗin rai suka tashi ba, kuma har yau in an taɓo zancen akwai masu yin shiru. Dada kam ta ce ba inda za ta. Ta ce ta san gulbin nan tun tana amarya, yakan zo ya yi fushinsa ya koma. Malam ya je ya yi wa'azi, mahaifiyata ta je ta yi kuka, duk a banza. Dole muka riƙa karɓa-karɓa, jikoki da 'ya'yan dangi, ana zuwa ana taya ta zama, ita da awakinta da rumbunta na gero.

Damina ta faɗi, ruwan dam ya cinye rijiyar garin. Ranar ce Dada ta aiko a zo a ɗauke ta, amma da sharaɗi, ba za ta bar ko dami ɗaya na geronta ba, don ba za ta je gidan suruki tana miƙa ƙwarya ba. Babbar mota ba ta iya shiga, hanya ta yi laushi, ga wata ƙorama tsakanin tungar da hanyar mota ta fara kawo ruwa. In aka ƙara samun ruwan sama mai ƙarfi, ko jaki ba zai tsallaka ba. Tarakta ce kawai za ta iya, ni kuwa a lokacin ni nake tuƙa taraktar Maiwada, wani attajirin manomi a Bakura.

Maiwada ya ba ni tarakta ba musu. Tirelar da ake ja da ita kuwa, mai ƙafa biyu, tun kakar auduga tana bayan gidansa a kan duwatsu. Tayoyinta sun tsattsage da rana. Na ce ba komai, a ciro tif ɗin a nemi wasu tayoyin. Sai kowa ya kama kallon sama. Ashe mutanen gidan sun daɗe da zare su, ɗaya yana rijiyar cikin gida, ɗaya yana rijiyar garke, suna ta jan ruwa. Na zaga Mafara kaf ban samu tif mai wannan girman ba. Aka ce sai Gusau ko Sakkwato, shi ma sai an dace. Ga hadari kullum da yamma yana haɗuwa a gabas.

Na ɗauko wilin nan biyu na zube su gaban Falalu. Muka gaisa, ya tambayi Bakura da ruwa da gajiya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi ƙarafan. Tsatsa ta cinye su, tsakiyarsu duk kawunan ƙusa, ramin bawul, inda ake hura iska, ya yi faɗi har ɗan yatsa yana shiga.

Ya ce, "Wagga tsiya daga wane juji kat tono ta?"

Na gaya masa halin da ake ciki. Ya tashi ya zaga bayan rumfa, na ji yana ta jefar da tayoyi, sai ga shi ya mirgino biyu daga cikin na kamfani, masu sauran ƙarfi. Ya gwada su a bakin wilin, girma ya zo daidai. Ya tsaya yana hararar su.

"Don Dada na," in ji shi. "In ka hwaɗa ma wani, ni da kai."

Ban faɗa wa kowa ba, sai mai shayi da mai nama da 'yan kamashon tasha.

Aiki kam Falalu ya yi shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya zauna da yashi da guntun bulo ya dirje tsatsar nan har ƙarfe ya fito fari. Inda bakin wilin ya lanƙwashe ya buga da guduma ya daidaita. Ya yanko bawul daga wani mataccen tif tare da robar gindinsa, ya liƙe ta ciki ya toshe faɗin ramin. Saura kawunan ƙusoshin nan da ƙananan ramukan da tsatsa ta bari, inda iska za ta bi ta tsere. Ɗanasabe ya ce a garejinsu akwai wani baƙin man da ake shafawa, in an jira zai tambayo. Falalu ya ce ba ya jiran kowa, shi da ya san danƙo tun Turawan kamfanin nan ba su san hanyar Mafara ba.

Ya tafi gida ya sauke wa Taiba tukunyar miya daga murhu, ya ɗora tasa. Ƙaro ya dafa, mai kyau, irin wanda yake zaɓar wa Malam, ya yi kauri kamar zuma. Ya zo ya shafe cikin wilin da bakinsa, ya shanya a rana, ya ƙara shafawa, har abin ya bushe yana ƙyalli. Ya sa tayoyin, ya ɗaure cikin kowace da igiya ya murɗa da sanda don bakinta ya buɗe ya kama ƙarfe. Muka tura su gidan mai inda akwai injin ba da iska. Ta farko ta yi wata ƙara, tau, ta zauna daram. Falalu ya yi tsalle baya har hularsa ta faɗi. Ta biyu ma haka.

Al'adarsa ce ya danna komai a ruwa kafin ya sallame shi, amma taya da wili ba sa shiga rabin duro. Sai ya bi bakinsu da kunne, ya tofa yawu a bawul, bai ji komai ba. Aka bar su suka kwana. Da safe ya buga su da liba, suka amsa kamar ganga. Nan fa mutumin ya canja. Wanda ya ce hannunsa ba zai taɓa taya marar hanji ba, shi ne ya tsaya yana yi wa jama'a bayani, wai dama shi tun farko ya san abin ba wuya, ilimin ne bai so ya fitar da wuri ba.

Ya ce dole da shi za a je. Na kai tayoyin Bakura aka ɗaura wa tirela, na biyo ta Mafara na ɗauke shi. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya haye tirela ya harɗe, yana ɗaga wa mutane hannu tun daga Mafara har muka wuce Maradun. Da muka iso ƙorama ruwan ya kai gwiwa. Na shiga a hankali, muna tsakiya tarakta ta kafe a yashi. Muka daɗe a nan muna tono muna cusa itace, tayoyin tirela suna jiƙe a ruwa har rabinsu. Da muka fita, sauran hanyar duk taɓo ce da kududdufai. Falalu yana baya yana waƙa. Can na ji tirela tana ja gefe ɗaya, waƙa ta tsaya. Kafin mu kai ƙofar Dada duk biyun sun kwanta, muna tafiya a kan ƙarfe.

Dada ta fito da sandarta, 'yar ƙanƙanuwa, ta tsufa amma idonta ras. Muka durƙusa muka gaishe ta, ta amsa a tsanake har ta tambayi kajin Taiba. Sannan ta dubi tayoyin, ta dubi Falalu da ke tsugune yana shafa bakin wili. Wani abu ja-ja mai yauƙi yana bin yatsunsa.

Ta ce, "Mijin banza, mi ab wannan?"

Ya ce da ƙaramar murya, "Ƙaro na, Dada."

"Ƙaro? Na tawada?" Ta riƙe haɓa. "Kai da kat tashi zauren Abdulhamid, allo nawa ka wanke da hannunka? Da mi aka wanke shi, da wuta?"

Ni dai dariya ta kayar da ni a taɓo. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa kaf yana kallon ruwa yana narkar da tawada, shi ne ya liƙe taya da ƙaro ya shiga da ita ƙorama.

Dariyar ba ta daɗe ba. Falalu ya ɗauko famfon hannu ya buga har ya jiƙe da gumi, iska tana shiga tana fita ta inda ta ga dama. Ba tif balle ya yi faci, ba inji balle taya ta sake kama baki. Ruwan dam yana nan shimfiɗe bayan garin, ya kai gindin kukar masallaci, gabas kuma ta yi baƙi. Na ce wa Dada ta hau tarakta mu tsallakar da ita, gero a dawo masa daga baya. Duk mun san babu wani daga baya. Ta jawo turmi ta kifa, ta zauna a kai, ta ce ita da geronta tare za su fita ko tare za su zauna.

Tun da nake da Falalu ban taɓa ganin bakinsa ya mutu ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni, don na ga ya ɗora laifin duka a kansa. Can ya miƙe ya ce ya taɓa jin direbobin daji suna cusa busasshiyar ciyawa a taya in sun rasa yadda za su yi, in an danna ta sosai tana ɗaukar kaya, muddin ba gudu za a yi ba. Muka bazu nema. Sabuwar ciyawa ba ta wuce idon sawu ba, ga ta jiƙe. Maƙwabta da za su tashi sun kwashe jinkunansu da zanarsu, abin da suka bari awaki sun gama da shi. Muka sauke hular rumbu, ta ruɓe, ko rabin taya ɗaya ba ta cika ba.

Busasshiyar ciyawa ɗaya ta rage a Tungar Jatau, ita ce jinkar ɗakin Dada. Mai kauri ce, don shekara da shekaru sama kawai ake ƙara mata, shimfiɗar ƙasa kuwa aikin hannun kakanmu Jatau ce, ita ce ta ƙarshe da ya ɗaura kafin ya rasu. Falalu ya ɗaga ido ya dube ta, ya yi sauri ya kawar da kai. Ni ma na gani, na yi kamar ina duba man tarakta. Ba wanda zai iya buɗe baki ya faɗa.

Dada ta gan mu. Ta tashi daga kan turmi ta shiga ɗaki. Muka ji motsi, sai ga ta tana fito da kayanta ɗaya-ɗaya, tabarma, ƙwarya, tasoshi, buzun salla. Da ta gama ta nuna rufin da sanda.

"Hau, Hwalalu."

"Dada, ɗakin Baba Jatau na."

"Na sani, ni nak kwan cikinai, ba kai ba. Ruwa za ka bar ma shi? Hau ka sauko mani da shi, shi raka ni."

Falalu ya tuɓe rigar Juma'a ya hau. Ya yaye ta sama da ta jiƙe, ya fara zaro ta ƙasa, baƙa ƙirin da hayaƙin shekaru, busasshiya ƙayau. Yana miƙo mini yana share fuska da kafaɗa, wai toka ce take shigar masa ido. Muka ɗaga tirela da jak, ya buɗe gefen kowace taya da liba, muna cusawa. Dada da kanta ta ɗauko taɓarya tana kirɓawa don ta shige lungu, tana yi mana faɗa wai mu ba mu da ƙarfi. Sai da tayoyin suka ƙi karɓar ko tsinke, sannan Falalu ya mayar da bakinsu. Ba su yi kyan gani ba, amma sun tashi daga ƙasa.

Muka loda gero dami bayan dami, muka ɗaure awaki a gefe, muka ɗora Dada can sama. Falalu ya ƙi hawa. Da ƙafa ya bi tirelar nan, hannunsa a jikin taya, yana yi mini ihu in rage gudu, alhali kunkuru ma zai iya wuce mu. A ƙorama ya shiga ruwa har ƙugu yana turawa. Muna hawa hanyar mota aka tsuge da ruwan sama, muka rufe Dada da gero da tamfol ɗaya. Ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

Daga baya Falalu ya zama shi ne gwanin wannan aiki a Mafara. Ya gane cewa faffaɗar roba zai yanko daga tsohon tif ya naɗe cikin wili da sholisho, har daga Morai da Gidan Goga ana kawo masa tsofaffin tireloli. Rabin duron ma ya canja shi da babban kwami na siminti, ba abin da yake barin rumfarsa bai yi wanka ba. Direbobi kuwa suka laƙaba masa Malam Ƙaro, in an kira shi da shi sai ya yi kamar bai ji ba.

Dada ta sauka gidanmu a Bakura, geronta a rumbun da aka gina mata ita kaɗai. Da aka samo wa tirelar Maiwada sababbin tif daga Gusau, Falalu ne ya zo sa su. Ya ɓamɓare tayoyin, ciyawar nan ta zubo, tafiya ta niƙe ta ta zama gari-gari. Ya tattara ta tsaf a buhu, ya saɓa ya shiga da ita cikin gida, ya ajiye gaban Dada.

Ta buɗe ta zura hannu, ta ɗebo ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Warin roba," in ji ta. "Ka ɓata mani ɗaki. Kai ma awaki su kwanta bisa."

Falalu ya ɗauki buhun ya nufi turke. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, na ga hannun da ta ɗebo da shi bai koma cikin buhun ba. Ta jira ya ba da baya, ta jawo bakin zanenta ta ƙulle abin da ke tafinta, ta soke a ƙugu, sannan ta ɗaga murya ta ce a kawo wa baƙo ruwa.